Waiwaye: Yadda aka gina tsofaffin gidajen silima, da abin da gobara ta koyar

Kafin gidan silima, majigi mutanen Arewa suka sani: motar gwamnati ta tsaya a fili, a kafa farin ƙyalle, a haska. Gidan silima na kuɗi ya fara ne da Rex a Kano, 1937, jarin 'yan kasuwar Labanan. Irin wannan fasali aka bi a Kaduna da Zariya.

Ginin ba shi da wuyar fahimta. Katanga doguwa don kada na waje ya leƙa kyauta, bango ɗaya mai farin fenti a matsayin allo, tsakiya kuwa sarari ne ba rufi, saboda zafi. Bencin masu ƙaramin tikiti a gaba, kujerun manya a baya ƙarƙashin rumfa. Shi ya sa sai bayan magariba ake haskawa, da damina kuma hadari na tasowa kasuwa ta watse.

Ɗakin inji shi ne zuciyar gidan. Fim mai faɗin milimita 35 yana gudu hoto 24 a daƙiƙa, nadi ɗaya na ƙafa 2,000 kimanin minti 22 yake ɗauka, don haka inji biyu ake girkawa. In nadi ya kusa ƙarewa, ɗigo ya bayyana a kusurwar dama ta saman allo, mai inji ya tada inji na biyu. Ɗigo na biyu, ya juya haske zuwa gare shi. Ya makara, allo ya yi fari, 'yan kallo su ɗau ihu. Hasken kuma daga sandunan gawayi biyu yake fitowa, suna cinyewa, dole a riƙa matso da su.

Haɗarin yana nan. Fim na da, mai sinadarin naitiret, in ya maƙale gaban wannan zafi nan take yake kamawa, ruwa ma ba ya kashe shi. A 1951 gobarar silimar El Duniya a Kano ta ci rai sama da 300. Dalilin ke nan ɗakin inji ya kamata ya zama na kankare, tagoginsa ƙanana masu murfin ƙarfe, ƙofofin fita kuma su buɗe waje.

Faɗuwar naira bayan 1986 ta sa hayar fim daga waje ta gagara, bidiyo ya ƙarasa sauran. Gidaje da yawa sun koma coci, sito ko shaguna. Abin takaici, in an rufa sararin da kwano, ƙofofin fitar nan ake fara toshewa da bulo.