Furannin daji da tsuntsun hamingbad: tambayoyi da amsoshi

Wane irin tsuntsu ne hamingbad?

Ɗan mitsitsin tsuntsu ne mai dogon baki siriri, wanda ke tsayawa cak a iska yana zuƙar ruwan zaƙin fure. Yana ma iya tashi da baya. Nau'insa ya haura 300, kuma dukkansu a nahiyoyin Amurka suke, tun daga Alaska har ƙarshen kudancin Ajantina. Mafi ƙanƙantarsu yana Kuba, nauyinsa kusan giram 2 ne. Akwai mai jan maƙogwaro da ke ƙetare Tekun Meziko, tafiyar kusan kilomita 800, ba tare da ya sauka ba.

Waɗanne furanni masu lambu a can suke shuka masa?

Jajaye masu siffar kakaki, irin su Lobelia cardinalis da Monarda da jar Salvia. Dalilin yana cikin ƙirar furen. Ruwan zaƙin yana can ƙasan bututu, inda ƙudan zuma ba ya kaiwa cikin sauƙi, amma dogon baki da harshen tsuntsun suna kaiwa. Garin zuƙa sai ƙurar furen ta manne masa a goshi, ya kai ta fure na gaba, barbara ta yiwu. Shi kuwa ƙudan zuma ba ya ganin ja sosai, ya fi zuwa wa shuɗi da ruwan ɗorawa. Shi ya sa mai lambun da ya san kan abin yake cakuɗa launuka, ya kuma zaɓi waɗanda ba lokaci ɗaya suke buɗewa ba, don kada abinci ya yanke.

Me ya sa ake nacewa a kan furen daji na yankin?

Saboda da shi halittun wurin suka saba. Furannin ado da aka yi ta gyara irinsu don su yi cunkus sau da yawa kyan ɗan maciji ne, ba su da ruwan zaƙin kirki.

A yi feshin maganin ƙwari?

A'a, nan ne ma aka fi yin ɓarna. Hamingbad ba ya rayuwa da zaƙi kaɗai. Da ƙananan ƙwari yake ciyar da 'ya'yansa, da yanar gizo-gizo yake ɗaure sheƙarsa. Wanda ya fesa magani ya kashe cefanen baƙon da ya gayyata.

Ruwan sukari da ake rataya musu fa?

Gwangwani 1 na farin sukari a gwangwani 4 na ruwa. Ban da zuma, ban da kala, kuma a riƙa wanke mazubin duk bayan kwana biyu idan ana zafi.

Idan na shuka waɗannan furanni a Kano ko Damagaram, zai zo?

Ba zai zo ba, babu shi a Afirka. Namu shi ne sha-kauci (sunbird a Turance), wanda ba danginsa ba ne, sana'a ce kawai ta haɗa su, kuma ya fi son ya sauka a reshe ya sha. Dubi jan furen kauci a kan bishiya, za ka same shi yana kai da kawowa. Tumfafiyar da muke tugewa a bayan gida kuwa dangin ganyen da Amurkawa ke shukawa ne don malam-buɗe-littafi, kuma a kanta wani namu mai ruwan goro yake saka ƙwai. Ka bar ko guda ɗaya a kusurwar lambu, nesa da yara, don ƙaronta na cutar da ido.