Shin Allah ba ya barin wahala ta fi ƙarfinmu?

Masu bi da yawa kan ta'azantar da mai makoki da cewa Allah ba zai ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, suna jingina maganar ga 1 Korantiyawa 10:13 a Littafi Mai Tsarki. Ayar ba ta ce haka ba. A karanta daga aya 1 zuwa 14: Manzo Bulus yana maganar Isra'ilawa a jeji, da bautar gumaka, fasikanci da gunaguni. Jarabar zunubi ce ake magana a kai, kuma alkawarin shi ne Allah zai buɗe mafita.

Bulus ɗin nan, a 2 Korantiyawa 1:8-9, ya ce wahalar da ta same su, shi da abokan aikinsa, a lardin Asiya ta fi ƙarfinsu har suka fid da rai, domin su daina dogara ga kansu, su dogara ga Allah mai ta da matattu.

Illar kuskuren babba ce. Wanda ya gaza yakan ɗauka bangaskiyarsa ce ta yi rauni, sai ya ɓoye ciwonsa, ya ƙi neman taimako. Idan ka je ta'aziyya, zauna da shi, yi addu'a, ka ɗauke masa wani aiki, kamar yadda Galatiyawa 6:2 ta umarta.