Sabon rediyon mota da tsofaffin sifiku: amsa ga masu tambaya

Zan iya canza rediyo in bar sifikun da motar ta zo da su?

Eh, za ka iya. Sau da yawa ma sautin yakan ƙara fita tas.

In yanke wayoyin motar in ɗaura da na sabon?

Kada ka kuskura, malam! Na faɗa har bakina ya gaji. Akwai soket na haɗi da aka yi wa irin motarka, nemo shi ka jona. Kuma ka cire kan batir kafin ka taɓa komai.

An rubuta ƙarfin wat 50 sau 4 a kwalin rediyon, ba zai ƙona sifikun ba?

Kwantar da hankalinka. Wannan ƙololuwa ce ta ɗan lokaci kaɗan. Abin da yake bayarwa a kai a kai bai cika wuce wat 22 ga kowace sifika ba. Abin da ke kashe sifika shi ne ka cika bas, ka ƙure murya, kana ji tana kakari amma ka ƙi ragewa.

Motata ta zo da kayan sauti na kamfanin Bose, wata kuma na JBL. Duk ɗaya ne?

A'a, a nan ne nake so ka natsu. Sifikun yawancin motoci om 4 ne (om shi ne ma'aunin juriyarsu ga wutar lantarki), kuma da su aka tsara rediyoyin kasuwa. Irin taka kuwa galibi tana da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a ɓoye, ƙarƙashin kujera ko cikin but, sifikunta kan zama om 2 ko ƙasa da haka. In ka tsallake amfilifayar ka jona su kai tsaye, rediyon zai iya ɗaukar zafi ya riƙa ɗaukewa. In za ka ci gaba da amfani da ita, sai ka haɗa wayar nan shuɗiya mai ratsin fari da ke tada ta, in ba haka ba shiru za ka ji. Ko an haɗa, wani lokaci sautin kan zo da tsaki sai an sa na'urar daidaita sigina. Wasu motocin BMW da Mercedes ma da zaren haske suke tura sauti, ba wayar tagulla ba. Ya danganta da shekarar motar da samfurinta, don haka a duba taswirar wayoyinta tukuna.

Kowane rediyo zai shiga gurbin?

Auna mana. Rediyoyin kasuwa galibi faɗinsu milimita 180 ne, tsayi 50 ko 100.

Maɓallan sitiyari fa?

Ba za su yi aiki ba sai ka sa musu tasu na'urar haɗi. Saye ta tare da rediyon, kada a buɗe gaban motar sau biyu.