Ɗaukar hoton dorina a kogin Isa

Ɗaukar hoton dorina reshe ne na hoton namun daji wanda jira ya fi ɗauka yawa a cikinsa. A Nijar ana yin sa a kogin Isa, wato kogin Kwara, wajen Bubon kusa da Yamai, da kuma Ayoru, ko da yake matsalar tsaro a jihar Tillaberi ta rage zuwa can.

Dorina a ruwa take wuni, sai dare ya yi ta hau tudu kiwo. In ta nutse takan kai minti 3 zuwa 5, kuma ba lallai ta ɓullo inda ta shiga ba, don tafiya take a ƙasan ruwa. In ta ɓullo ma, hanci da ido da kunne kawai ake gani: ta fesar da ruwa, ta karkaɗa kunne, ta koma. Shi ya sa kamara ke zama a ido, yatsa bisa maɓalli. Masu koyo sun fi rasa hoto a daidai lokacin da suka sunkuya duban wanda suka riga suka ɗauka.

An fi dacewa daga Afrilu zuwa Yuni, sa'ad da ruwa ya ja, dorinai suka taru a gurbi mai zurfi. Hazon hunturu yana dusashe hoton nesa, rana tsaka kuma ƙyallin ruwa ke ɓata shi, don haka safiya da la'asar ake fita, a ba rana baya.

Gilashin kamara mai jawo nesa na milimita 300 zuwa 400 ya wadatar, saurin ɗauka kuwa kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, saboda kwalekwale ba ya tsayawa cak. Sandar kamara mai ƙafa uku ba ta da amfani a nan. Ƴar jakar gero da aka ɗora a bakin jirgi don jingina kamara ta fi ta. Inji ma a kashe shi, karkarwarsa na shiga hoto.

Hoton da kowa ke nema shi ne na dorina ta wangale baki, haƙora waje. Sau da yawa wannan gargaɗi ne, ba hamma ba. Namiji kan kai kilo 1,500, uwa mai ɗa kuwa tana kifar da jirgi. Ba a shiga tsakanin dorina da ruwa mai zurfi, kuma in matuƙin jirgi, wanda galibi masunci ne, ya ce a ja baya, to a ja, ko da hoton bai samu ba.