Wiski, giyar kwalba, koktel da Chapman: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Na daɗe ina aiki a otal, ɓangaren sito da lissafin kaya, tsakanin Abuja da Legas. Ba na sha, amma takardar jikin kwalba kam na karanta ta har na haddace. Shi ya sa duk wanda aka gayyata liyafar ofis ko zai yi tafiya waje sai ya kira ni, kuma tambayoyin ba sa canzawa. To ga su nan, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Wai wiski da giyar kwalba ba abu ɗaya ba ne?

Tushensu ɗaya, hatsi. Giyar kwalba jiƙa sha'ir ake yi ya tsira, a dafa, a zuba yis ya tsimu, barasar cikinta ta tsaya wajen kashi 4 zuwa 6 cikin 100. Wiski kuma irin wannan tsimin ake dafawa a tara tururinsa, sannan a zuba a gangar itace. Ba ya sauka ƙasa da kashi 40. Na Sikotland doka ta ce sai ya yi aƙalla shekara 3 a ganga. Na Amurka da ake kira bourbon, aƙalla kashi 51 na hatsinsa masara ce.

Kenan giyar kwalba ta fi sauƙi?

Haba malam, yi lissafi mana. Awon wiski ɗaya, mililita 25, barasarsa zalla mililita 10 ce. Babbar kwalbar nan mai santilita 60, in kashi 5 ce, mililita 30 ke cikinta. Kwalba ɗaya awo uku kenan. Guinness ɗin da ake yi a Najeriya ma kashi 7.5 ce, ta fi wadda ake zubawa a mashayar Dublin ƙarfi nesa ba kusa ba. Tun 1962 suke da masana'anta a Ikeja.

Da gaske da dawa ake yin ta?

E. Da gwamnati ta hana shigo da sha'ir a 1988, kamfanonin suka koma kan dawa da masara. Masu burkutu sun riga su sanin wannan tun kaka da kakanni.

Wanne za ka ba ni shawara in gwada?

Ko ɗaya. Tambaya ta gaba.

Koktel ba lemo ba ne?

Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa, don sun ga launi da ƙanƙara da yankan lemo a bakin kofi. Koktel haɗi ne, kuma barasa ce ginshiƙinsa. Old Fashioned wiski ne da sukari da bitas, wani ruwa mai ɗaci da ake ɗigawa don ɗanɗano. Negroni, wanda aka fara a Florence ta Italiya, barasa iri uku ne, jin (gin) da Campari da vermouth daidai wa daida, babu ko ɗigon lemo a ciki. Mojito na Kuba, barasar ram ce da na'a-na'a da lemon tsami da ruwan soda, ga shi kore shar kamar abin buɗa-baki. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Long Island Iced Tea. Babu ganyen shayi ko ɗaya a cikinsa: bodka, jin, ram, takila da barasar lemo, sai a ɗan tsiyaya Coke ya ba shi launin shayi. Na taɓa ganin wani bawan Allah ya nuna shi da yatsa a takardar abinci yana cewa shi shayi mai sanyi kawai zai sha. Da ƙyar aka tare shi.

In kana son haɗin ba barasa, ka ce moktel, ko ka sa kalmar virgin kafin sunan. Ka faɗa da ƙarfi, kada ka ji kunyar yaron da ke ɗaukar oda.

To Chapman fa? A bikin ƙanwata ma an raba shi.

Kwantar da hankalinka tukuna, wannan ba ta da amsar e ko a'a. Chapman haɗin Najeriya ne, kuma a matsayin abin sha mara barasa ake sayar da shi: Fanta, Sprite, jan sirop na grenadine, kokwamba, lemo, ƙanƙara. Matsalar tana cikin wata 'yar kwalba mai takarda da ta fi ta girma, Angostura bitters, da ake yi a Trinidad. Barasar cikinta kashi 44.7 ce, ta fi ta yawancin wiski. Sai dai ɗigo biyu ko uku ake yarfawa a babban kofi, wanda in ka lissafa bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Ko ka sha bokiti, sukari ne zai fara kayar da kai.

Amma akwai amma. Ba kowa ke auna ɗigo ba, wani mai haɗin hannunsa sake yake. Wasu wuraren kuma, musamman mashaya, suna ƙara Campari, wannan kuwa barasa ce sosai, ba maganar ɗigo. A ɗaya ɓangaren, mai haɗa na biki a Kano ko Kaduna sau da yawa ba ta ma san Angostura ba, da Ribena ko zoɓo take ba shi launi. Na kwalba ko gwangwani, juya ka karanta abin da aka rubuta.

Hukunci kuma ba nawa ba ne, ni ba malami ba ne. Hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kowa ya san shi. Akwai malaman da ke ganin ɗigon da ya narke ya ɓace a cikin abin da ba ya bugarwa ba ya haramta shi, akwai masu cewa tunda da gangan aka zuba, a bar shi. Ka tambayi malamin da ka amince da shi. Abin da ni nake yi: in ce a haɗa mini ba bitas, in tsaya ina kallo. Ɗanɗanon yana ɗan raguwa, shi ke nan. Wanda ka riga ka sha a biki ba da sani ba, daina hana kanka barci a kansa.

Maltina da Malta Guinness giya ce?

A'a. Kamfanonin giya ne ke yin su, amma ba a barin su su tsimu. In ƙyamar kamfanin kake, wannan magana ce daban.

Giyar da aka rubuta ba barasa fa?

Galibi ita giya ce aka yi ta, sannan aka cire barasar. A Amurka da ƙasashen Turai da dama, mai kashi 0.5 ma ana iya kiran ta haka. Duba lambar, ba babban rubutun ba.

An ce in an dafa abinci da giya tana ƙonewa duka?

Ba duka ba. Wadda ake kunna wa wuta a kasko a gabanka, mafi yawanta tana nan daram. Sai dahuwa ta yi awanni take raguwa sosai. Kuma tiramisu, kayan zaƙin nan na Italiya da kake ta yabo, wasu da giyar Marsala suke yin sa, kuma galibi ba ya ganin wuta. Tambayi mai kicin kafin ka sa cokali.