Me ake nufi da "aktibe" Windows, kuma me ke kashe lasisin araha?

Duk wanda ya taɓa sayen kwamfuta ta hannu a Yamai ya san rubutun nan fari-fari da ke fitowa a kusurwar ƙasa ta hannun dama: «Activer Windows». Na'urar tana aiki, sai dai ba za ta bari ka canza hoton bango ko launi ba, kuma rubutun yana nan a kan duk abin da ka buɗe.

Abin da masu gyara ke kira aktibe tantancewa ce. Windows ta tuntuɓi kamfanin Microsoft ta intanet, shi kuma ya duba ko kwafin da ke kan wannan na'ura yana da izini. Da Windows XP aka fara tsarin, a 2001. Izinin shi ne lasisi. Mabuɗin nan mai haruffa da lambobi 25 shaidar izinin ce kawai, ita kuwa shaida ana sacewa, ana kuma sayar da guda ɗaya ga mutane da yawa.

Lasisi iri-iri ne. Akwai wanda ka saya da kanka, kana iya ɗauke shi zuwa sabuwar kwamfuta. Akwai wanda ke zuwa da na'ura daga masana'anta, ɗaure da babban allon cikinta da masu gyara ke kira kat-mer. Sai na manyan ma'aikatu da jami'o'i, da ake saye da yawa lokaci guda. Akasarin bogin daga wannan na ukun yake fitowa. Wani zai samo mabuɗin wata ma'aikata ya riƙa tallarsa a WhatsApp jika biyu ko uku. Ranar farko ya shiga lafiya lau. Da an cika adadin da aka ƙayyade masa, ko Microsoft ya toshe shi, duk wanda ya sake zuba Windows sai ya ga saƙon kuskure mai lamba 0xC004C020 ko 0xC004C003, mai talla kuwa ya daina ɗaukar waya.

Kirak, wato manhajar da ke yaudarar Windows ta kunna ba tare da lasisi ba, ya fi yawa a shagunan gyara. Ma'aikatu suna da wani tsari, KMS, inda kwamfutocinsu ke karɓar izini na kwana 180 daga uwar garken gida, wato babbar kwamfutar ma'aikatar, suna sabuntawa kafin ya ƙare. Kirak yana kwaikwayon wannan uwar garke ne. Ranar da riga-kafin kwamfuta ya goge shi, kwanaki su fara ƙirguwa, sai ka wayi gari da saƙon cewa lasisinka ya kusa ƙarewa. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Kafin a zuba kirak sai an kashe riga-kafin, wato ka buɗe ƙofa ga manhajar da ba ka san wanda ya haɗa ta ba, a na'urar da kake shiga asusunka na banki.

Ga abin takaici: da yawa daga cikin kwamfutocin da ake kawowa daga Turai suna da lasisinsu na halas. Tun Windows 8, a 2012, masana'antu ke dasa mabuɗin cikin kat-mer, ba a takardar da ake mannawa a gindin na'ura ba. Mai gyara zai wanke kwamfutar da ta zo da Windows nau'in Famille ya zuba mata nau'in Professionnel, tantancewa ta ƙi, ya ɗora kirak a kan abin da tuni an biya. Da nau'in da ya dace ya zuba, da ta kunna kanta da zarar ta hau intanet.

Kafin ka biya kuɗin kwamfuta, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta slmgr /xpr. Idan ta ce izinin na dindindin ne, alama ce mai kyau, ko da yake wasu sababbin kirak ma suna nuna haka. Idan ta nuna ranar ƙarewa a na'urar da ba ta ma'aikata ba, ka tambayi mai shago dalili, sannan ku sake ciniki.