Ƙararrawar 'Yanci ta Amurka da labarin 4 ga Yuli

A Zariya, daga makarantun sakandare har zuwa ɗaliban tarihi na Samaru, za ka ji ana cewa wai ranar 4 ga Yuli 1776 aka kaɗa ƙararrawar birnin Filadelfiya don shelar 'yancin Amurka, har ta tsage saboda murna. Ba haka aka yi ba.

Majalisar Fensilbaniya, yankin da Filadelfiya ke ciki, ita ce a 1751 ta ba da umarnin a ƙera ta a Landan, lokacin ƙasar na hannun Ingila. Da ta iso, gwajin farko ta tsage, sai maƙera biyu, John Pass da John Stow, suka sake narka ta a 1753. Aikinta kiran 'yan majalisa da tara jama'a, kamar yadda tambari ke yi a fadar Zazzau.

Ranar 4 ga Yuli amincewa da takardar 'yanci aka yi a cikin zaure. Sai ranar 8 aka karanta ta a bainar jama'a. Babbar tsagewar da ta sa aka daina kaɗa ƙararrawar kuwa a Fabrairun 1846 ta faru. Wani ƙagaggen labari da aka buga a 1847 shi ya yaɗa zancen 4 ga Yuli.

Abin da ke damuna, wannan kuskure yana danne gaskiya mafi nauyi. Masu yaƙi da cinikin bayi da bautar da su ne suka laƙaba mata sunan Ƙararrawar 'Yanci a shekarun 1830, suna tambaya: wane 'yanci ake murna alhali baƙar fata na cikin ƙangi? Malaman tarihi, ku koyar da wannan ɓangare.